Yadda Ake Tayar da Tsohon Babur da Nemo Masa Kayan Gyara a Zariya

A gidaje da dama na cikin birnin Zazzau da Tudun Wada, in ka leƙa bayan zaure ko ɗakin shirgi, za ka tarar da babur a jingine, an lulluɓe shi da tsohon buhu, tayoyi sun sace, kaji sun mai da ƙarƙashinsa wurin kwana. Namu Honda CG125 ne, ja, wanda mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru yana hawa zuwa makarantar da yake koyarwa. Shekara goma sha ɗaya ya yi a jingine kafin na taɓa shi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, sabon babur kuma ya gagari mai ƙaramin albashi, sai jama'a suka fara waiwayar irin waɗannan babura. Abin da ke damuna shi ne yadda ake lalata su da sunan gyara. Mutum zai fara da fenti tun bai ji kukan inji ba, sannan ya kwashe kayan asali da ɗan wanki kawai suke buƙata ya sayar wa 'yan gwangwan, ya maye gurbinsu da sababbi masu ƙyalli da ba za su ga damina biyu ba. Tsarin da zan bi da kai a nan shi ne wanda na koya a hannun wani dattijon bakanike a Tudun Wada: takardu, inji, birki da tayoyi, wuta, fenti a ƙarshe. Da CG125 zan riƙa misali saboda shi na kwance da hannuna, amma mafi yawan bayanin zai yi wa mai Benly ko roba-roba amfani.

Kafin ka ɗauki sifana

In babur na gado ne, a fara zama da magada. A yi masa kuɗi, ka biya ko a sa maka shi cikin rabonka, a rubuta a takarda da shaidu. Gawar babur ba ta da mai nema, amma ranar da ya fito yana sheƙi kowa zai tuna yana da haƙƙi a ciki. In kuwa saye za ka yi, ka nemi rasit na asali da tsohuwar takardar rajista, ka gwada lambobin da ke ciki da na jikin babur. Lambar firam tana wuyan babur, inda kai yake juyawa, lambar inji kuma tana jikin inji ta ƙasa gefen hagu. Ka goge wurin da kananzir ka duba da kyau. Ka ga alamar an kankare ko an sake bugawa, ka bar shi komai araharsa. A rubuta yarjejeniyar ciniki, mai unguwa ko wani dattijo sananne ya sa hannu. Waɗannan lambobi biyu ka rubuta su a shafin farko na wani ɗan littafi, domin da su za ka nemi kaya nan gaba, a littafin kuma za ka riƙa rubuta duk abin da ka kashe.

Sai wanki. Kananzir da tsohon buroshi ga inji da sarƙa, ruwa da sabulu ga sauran jiki, bayan ka toshe bakin salansa da na kafireto da leda. Da ya bushe, ka ɗauki wayarka ka yi masa hoto ta ko'ina: yadda kebur ya bi, inda kowace waya ta shiga, yadda sifirin birki ya maƙale. Bayan wata biyu ba za ka tuna ba. Ka tanadi gwangwanayen madara ko ledoji, kowane rukunin noti da nasa, ka rubuta sunan wurin da ya fito. Kuma ko me ka cire, komai lalacewarsa, kada ya bar gidanka sai aikin ya ƙare.

Abu ɗaya game da kayan aiki. Sukurorin baburan Japan suna kama da masu kan kuros na yau da kullum, amma yankansu ya ɗan bambanta, shi ya sa sukudireba ta kasuwa take cinye kansu. Ka aro ko ka sayi sukudireban duka, wadda ake bugawa da guduma tana juyawa. Notin da ya ciza, a zuba masa man kwance tsatsa a bar shi ya kwana. Wanda ya karye a cikin alminiyam ɗin inji ya fi kowane gyara ɓata rai.

Inji

Kada ka hau kik da ƙarfi don ka ga ko zai tashi. Cire fulogi, ka zuba kamar cokali ɗaya na baƙin mai a ramin, ka bar shi kwana biyu. Sannan ka danna kik da hannu a hankali. In ya juya, alhamdu lillahi. In ya ƙi, fistin ya manne da bulo saboda tsatsa. Ka ƙara zuba man gas a ramin, ka sa babbar giya, ka riƙa jijjiga babur gaba da baya kaɗan-kaɗan kowace safiya. Nawa sai da ya kwana shida kafin ya saki. Wanda ya yi gaggawa a nan zai karya ringi ko ya lanƙwasa sandar fistin.

Da ya juya, toshe ramin fulogi da babban yatsa, wani ya danna kik. In iska ta ture yatsanka da ƙarfi, akwai sauran rai a injin. In da ƙyar ka ji ta, to ko bawul ba ya rufewa ko ringi ya cinye, amma kada ka yanke hukunci tukuna sai ka saita bawul.

Yanzu ka zubar da tsohon baƙin mai. A CG125 akwai wani babban murfi a ƙasan inji gefen hagu, a bayansa akwai sifirin da 'yar rariya. A wanke rariyar da fetur. Ka duba man da ya fito a rana: in ka ga ɓurɓushin ƙarfe yana walƙiya, akwai abin da ke cin kansa a ciki, dole a buɗe. Akwai kuma matatar mai ta biyu da yawancin masu babur ba su san da ita ba, tana bayan murfin dama, ɓangaren kuloci. Wani ɗan kofi ne da ke juyawa tare da inji yana tara dauɗa a jikinsa. Na mahaifinmu da muka buɗe, dauɗar ta daskare kamar kwalta. Injin yana shan kimanin lita ɗaya. Ka nemi mai na babur mai ɗauke da alamar JASO MA a jikin galan, saboda kulocin babur a cikin mai yake wanka, wasu mayukan mota kuma suna sa shi santsi.

Saitin bawul ana yin sa ne inji na sanyi. A juya filawil har alamar T ta zo daidai da tsagar da ke jikin inji, a lokacin da bawul biyun suke a rufe. Tazarar CG125 milimita 0.08 ce, na shiga da na fita duka. Da ma'aunin fila ake aunawa, ba da kunne ba. Bakanike da yawa suna matse bawul don inji ya yi shiru mai babur ya ji daɗi, alhali bawul ɗin da aka matse shi ne ke ƙonewa. Ɗan ƙas-ƙas kaɗan ba laifi ba ne.

Wannan inji ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Kamfanin Honda ya fito da CG125 a 1975, bayan injiniyoyinsa sun zagaya ƙasashe masu tasowa sun ga yadda ake lodin babur fiye da ƙima, ba a kuma canza mai a kan lokaci. Sai suka ƙera inji mai sandunan tura bawul, wanda zai jure wannan wahala. Daga baya kamfanonin Chana suka kwaikwayi injin, kuma wannan ne sa'ar mai CG a yau, domin gaskit, farantan kuloci, bawul da sauransu suna nan birjik a kasuwa. Sai dai a kula. Faɗin fistin ɗin CG125 milimita 56.5 ne, na CG150 da ya cika kasuwa kuma 62. A ido kamar ɗaya suke a cikin kwali.

In bayan saitin bawul har yanzu ƙarfin iskar bai dawo ba, a sauke kan inji da bulo. Ka shafa farce a cikin bulo. Ka ji kurji mai zurfi ko wani tudu a sama inda ringi yake tsayawa, sai borin. Ana samun fistin mai ƙarin girma daki-daki: 0.25, 0.50, 0.75 da 1.00. Ka fara sayen fistin ɗin, ka kai wa mai borin tare da bulo ya yanka daidai da shi, kuma ka ɗauki mafi ƙanƙantar girman da zai share kurjin don ka bar wa gobe wuri. Bawul kuma a niƙa su da man niƙa har su zauna, a gwada da zuba fetur a ramin a ga ko zai tsiyaye.

Tanki da kafireto

Nan ne ainihin ciwon babur ɗin da ya daɗe a ajiye. Fetur in ya tsufa yana zama danƙo mai wari, raɓa kuma tana sa cikin tanki ya yi tsatsa. In ka wanke kafireto ka bar tanki, kwana biyu zai sake toshewa.

Cire tanki, ka cire famfon mai, ka toshe ramin. Zuba kananzir da cikin tafin hannu na tsofaffin notuna, ka ƙirga su kafin ka zuba, ka girgiza sosai ta kowane ɓangare har hannu ya gaji. Juye, ka tabbatar notunan sun fito cif. Sannan ka cika shi da ruwan kal, wato binega, ya kwana ɗaya ko biyu. Bayan ka zubar, ka ɗauraye da ruwan kanwa don ya kashe tsamin, in ba haka ba tsatsa za ta dawo nan take. A shanya a rana baki a buɗe har ya bushe ƙayau, a ɗauraye da ɗan fetur, a sa 'yar matatar mai a tiyo tsakanin tanki da kafireto. In tankin yana yoyo kuma sai an kai walda, ka gaya wa mai walda gaskiya cewa tankin fetur ne, a wanke shi da ruwa da sabulu sau da yawa tukuna. Tururin fetur yana zama a tankin da babu ɗigo a ciki, kuma yana fashewa.

A kan kafireto ne na yi asara, shi ya sa nake ja maka kunne. Da na buɗe namu na ga ya yi kore da danƙo, sai na tafi kasuwa na sayo sabo fil a kwali, mai shago yana ta rantsuwa cewa na kamfani ne. Babur ya tashi, amma silo ya ƙi zama, yau ya yi sama gobe ya mutu a tsakiyar hanya, ga shan mai. Da na gaji na tura shi wurin dattijon nan. Ya dube ni ya ce, "Yaro, ina nasa na asali?" Na ce, "Baba, yana gida cikin gwangwani, ya mutu." Ya ce, "Je ka ɗauko. Keihin ba ya mutuwa, toshewa yake yi." Keihin sunan kamfanin da ya ƙera kafireton na asali ne, kuma shi ke kan babur ɗin har yau.

Ga yadda ya yi. Kafin ya kwance sukurun iska, ya ɗaure shi a hankali yana ƙirga zagaye nawa ya yi kafin ya tsaya, don ya mayar da shi yadda ya same shi. Ya cire kofin ƙasa, da fulot, da allurarsa, da jet biyu, babba da ƙarami. Ƙarfen duka ya jiƙa a man wanke kafireto, ban da roba. Ƙaramin jet shi ne mai riƙe silo, raminsa kamar na allura, kuma shi ya fi toshewa. Bai zura masa waya ba, domin waya tana faɗaɗa rami, daga nan babur ya kama shan mai har abada. Da iskar famfon mai faci ya hure shi, ya ɗaga sama ya ga haske ta ciki. Ya girgiza fulot a kunne ya ji ko fetur ya shiga ciki. Abin da muka saya sabo kawai gaskit ɗin kofi ne da allurar fulot. Ka duba kuma robar da ta haɗa kafireto da inji, in ta tsage iska za ta riƙa shiga ta ɓarauniyar hanya, ba saitin da zai zauna.

Soson iska kada ka yi wasa da shi a garin nan. Ƙurar hunturu in ta shiga inji aikin samfefa take yi. Tsohon soso yakan ruɓe ya zama gari, a sa sabo, a ɗiga masa baƙin mai a matse. Masu cire shi gaba ɗaya wai don babur ya ƙara gudu, borin suke kira wa kansu.

Mai Vespa, ko Yamaha YB100, ko Suzuki AX100 da Jincheng da aka ƙera a kan tsarinsa, naka injin daban ne, mai cin fetur haɗe da man 2T. Ba ka da bawul na saitawa, amma robobin da ke gefen kurankishaf suna bushewa in an daɗe ba a tayar ba, salansa kuma tana toshewa da baƙin gawayi. Ka tabbatar famfon man 2T yana aiki kafin ka tayar. Vespa da ake haɗa wa mai a tanki, galibinsu kashi 2 cikin 100 ne, wato mililita 20 a kowace lita ta fetur.

Tayarwar farko

Sa sabon fulogi mai lamba irin ta tsohon, tazarar bakinsa milimita 0.6 zuwa 0.7. Kafin ka ɗaura, jingina shi da jikin inji ka danna kik. Shuɗiyar wuta mai ƙara ake so. In babu, kuma naka tsohon yayi ne mai kontak, buɗe murfin filawil ka goge bakin kontak ɗin da lallausar samfefa, ka saita shi ya buɗe milimita 0.3 zuwa 0.4, ya fara buɗewa daidai lokacin da alamar F ta iso tsaga. Sau da yawa kwandensa ce ke mutuwa, kuma ba ta da tsada.

In ya tashi kada ka murɗa masa wuta. Bar shi a silo, ka saurara. Hayaƙi na mintunan farko man da ka zuba ne yake ƙonewa. In shuɗin hayaƙi ya ci gaba bayan inji ya yi zafi, yana shan baƙin mai. Baƙin hayaƙi kuwa fetur ne ya yi yawa. Kulocin da ya daɗe yakan manne, don haka ka sa giyar farko babur na kan sitan na tsakiya, tayar baya a sama.

Abin da ke riƙe da ranka

Inji ya tashi ba shi ne a hau titi ba. Tayar da ta shekara goma a jingine, ko zanenta bai goge ba, ta mutu. A gefen taya akwai lambobi huɗu a cikin wani ɗan zagaye: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Da wannan za ka gane ko "sabuwar" tayar da ake miƙo maka ta tsufa a shago. A canza taya da tif da robar da ke rufe kan sifok.

Takalman birki a canza su ko da sun yi kauri, saboda gam ɗin da ya riƙe fatar yana saki in ya tsufa, kuma fatar in ta ɓalle a cikin tafiya tana kulle taya. Ƙurar cikin birki kada ka hure ta da baki, tsofaffin takalma kan ƙunshi sinadarin asbesto mai illa ga huhu, da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa. Kebur na birki da na kuloci da na totur duk sababbi. Ɗaga tayar gaba ka juya kai hagu da dama, in yana maƙalewa a tsakiya boris ɗin wuya ya ci. Ƙwallaye ne warwatse a ciki, ka shimfiɗa zani a ƙasa kafin ka kwance, ka ƙirga na sama da na ƙasa dabam. Sifok kuma ka bi su ɗaya bayan ɗaya da sifana kana ƙwanƙwasawa, mai lafiya yana ƙara, wanda ya saki yana bushewar murya.

Sarƙa da siroket biyu tare ake canza su, sabuwar sarƙa a kan tsohon haƙori wata uku ba za ta yi ba. Lamba 428 CG ke amfani da ita. A bar mata sassauci kamar santimita biyu a tsakiya, makullin sarƙar kuma rufaffen kansa ya fuskanci inda take tafiya.

Wayarin

Ɓeraye sun riga ka zuwa, wannan kusan tabbas ne. Kafin ka sayi batir ko ƙwan fitila, ka gano babur ɗinka mai bolt 6 ne ko 12, domin na farko-farko 6 ne. Honda na da tsarin launi da ke sauƙaƙa aiki: kore na ƙasa ne, wato as, ja daga batir yake, baƙi yana ɗaukar wuta bayan an murɗa makulli, ruwan lemo siginar hagu, shuɗi mai haske siginar dama. Kada ka yarda mai wayarin ya yanke komai ya ja waya kala ɗaya. Yawancin matsalar wuta a tsohon babur tsatsa ce a mahaɗa da wurin da koren waya ya kama firam, a kankare a ɗaure. Fis in ya ƙone a sa fis, ba takardar sigari ko guntun waya ba. Ana iya mayar da babur kan CDI, wato na'urar ba fulogi wuta da ta maye gurbin kontak, da bolt 12 da kayan CG na Chana, kuma ga mai hawa kullum ina ganin hakan ya fi, fitila ta fi haske, ƙwai ya fi samuwa. Amma ka adana tsofaffin kayan a kwali.

Ina ake samun kaya

Ka raba buƙatarka gida biyu. Duk abin da yake roba ne ko mai cinyewa ne, sabo za ka saya: taya, kebur, gaskit, oyil sil, boris, takalmin birki, sarƙa, fulogi, batir. Duk abin da yake ƙarfe ne na jikin babur, na asali za ka nema ko da tsoho ne: tanki, murfin gefe, madigadi, kwanon fitila, agogon gudu, tambarin tanki, gangar jikin kafireto. A wannan fanni da tsohuwar zuma ake magani. Ɗauki tsohon madigadi a hannu ɗaya, sabo na kwali a ɗaya hannun, nauyin kawai zai gaya maka.

Sababbin kaya, shagunan Sabon Gari sun wadatar ga CG da Jincheng da roba-roba. Ƙa'idar ita ce ka tafi da tsohon a aljihu, a ɗora shi kan sabon a gabanka, a gwada ramukan noti da tsawo. Ka tambayi mai shago kai tsaye, "Maigida, kala nawa gare ka?" Yawanci akwai mai araha da mai dama-dama da mai kyau, kuma in ba ka tambaya ba mai arahar za a ba ka a kuɗin na tsakiya. Ku yi magana a kan dawowa da kaya in bai hau ba, tun kafin kuɗi ya bar hannunka. Boris, fulogi da ringi su aka fi yi wa jabu, ka duba tsabtar rubutun jikinsu da na kwali.

Tsofaffin kaya kuwa sai da haƙuri da mutane. Fara da dattawan bakanike na Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru, kusan kowannensu yana da buhu a ƙuryar shago da ya tara shekara da shekaru. Ba ranar farko za a buɗe maka shi ba. Ka je ka gaisa, ka kawo ɗan aiki, ka faɗi babur ɗin wane ne. Tambarin tankin namu a irin wannan buhu ya fito, daga hannun mutumin da ya san mahaifinmu, ya kuma ƙi karɓar ko sisi. Bayan su sai 'yan gwangwan, waɗanda ke sayen mataccen babur a kan nauyin ƙarfe. Ka bar musu lambar wayarka da hoton abin da kake nema, ka ce su kira ka kafin su sassara. In ka samu gawar babur irin naka sukutum, saye ta ya fi sayen kaya ɗaiɗai araha nesa ba kusa ba, amma ita ma a karɓi takarda.

Abin da Zariya ta rasa, akwai Panteka a Kaduna da kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, duka tafiyar yini ɗaya ce ka je ka dawo. Babbar cibiyar kayan babur ta ƙasar nan kuwa Nnewi ce a jihar Anambra, kuma yawancin masu shagunan Sabon Gari suna da mutanensu a can. Ka ba mai shagon da ka amince da shi hoto da lamba, ya sa a haɗo da kayansa.

Intanet tana da amfani biyu. Na farko sanin lambar kaya. Shagon CMS na ƙasar Holan yana da zanen kowane sashe na tsofaffin baburan Japan a shafinsa, kowane noti da lambarsa, kyauta ake dubawa. Lambar kayan Honda kashi uku ce, na farko yana nuna wane irin kaya ne, na tsakiya kuma samfurin babur ɗin da aka fara yi wa shi, da haka za ka gane cewa wani kayan na wani babur zai hau naka. David Silver Spares a Ingila su ma tsofaffin kayan Honda suke sayarwa, sai dai canjin kuɗi da kuɗin aikowa sun sa ba a zuwa can sai don ƙaramin abu da ya gagara. Na biyu, cinikin gida a Facebook da WhatsApp da Jiji. A nan ka nemi a ɗauko maka bidiyon kayan tare da ma'auni a jikinsa, kuma kada ka tura kuɗi gaba ɗaya ga wanda ba ka da mai tsaya masa a garinsu.

Fenti da kayan ƙawa

Sai babur ya yi mako biyu yana tafiya ba yoyo ba tari, sannan a yi zancen fenti. Launin asali yana nan a ƙarƙashin tanki ko cikin murfin gefe inda rana ba ta taɓa ba, shi za ka nuna wa mai haɗa fenti. A kankare tsatsa har farin ƙarfe, a sa fenti na ƙasa, a bi da launi, a rufe da mai sheƙi wanda fetur ba ya narkarwa, ka tambayi wannan musamman. Kada a fesa ranar da hunturu ke busa ƙura, ko ranar da hadari ya haɗo. Lambar firam a rufe ta da tef. Haƙarƙarin inji ba a lafta masa fenti, ta nan yake shan iska. Ƙarfen da aka yi wa kurom, irin su rim da salansa, takardar alminiyam da ruwa tana ɗauke ƙananan tabon tsatsa ba tare da ta karce shi ba. In fentin asali bai mutu ba, dusashewa kawai ya yi, ni dai shawarata a goge shi da man sheƙi a bar shi.

Kujera ka kai wa masu ɗinkin kushin da tsohuwar rigarta su yanka a kai, a riƙe farantin ƙasa na asali. Madubi biyu, kariyar ɗora kaya mai ƙarfi, ƙarfen kare ƙafa, da kwaɗo na biyu saboda ɓarayi, waɗannan sun isa. Duk abin da sai an huda firam ko an yi masa walda kafin ya hau, a haƙura da shi. Wurin cajin waya da fitilun LED sai in ka koma bolt 12, kuma a ja su ta bayan makulli da fis nasu, kada su shanye batir cikin dare.

Kafin ka fita babban titi ka sabunta rajista da lamba da inshora, ka sayi hular kwano mai kyau. In an yi borin, kilomita 500 na farko a bi a hankali, ba goyo, ba lodi, ba murɗe totur har ƙarshe, kuma kada a daɗe a kan gudu ɗaya. Ni da sassafe nake fita, daga Ƙofar Doka in bi ta Kwangila zuwa Samaru, in tsaya in taɓa cibiyar tayoyi in ji ko birki na kamawa, in leƙa ƙasan inji ko akwai ɗigo, in juyo. Da ka cika kilomita 500 ɗin, zubar da mai tun inji na da ɗumi, wanke rariya, bar shi ya huce ka sake auna bawul, ka bi notunan inji da na tayoyi da sifana, ka ja sarƙa don sabuwa tana miƙewa. Sannan ka cire fulogi ka dubi bakinsa: ruwan ƙasa kamar soyayyar gyaɗa shi ake nema, in ya yi baƙi da toka fetur ya yi yawa, in ya yi fari fat iska ta yi yawa, ka koma kan robar kafireto da ƙaramin jet kafin ka ƙara tafiya mai nisa.